Yadda aka canza min sil ɗin bayan kiranshaf a Corolla, da abin da ya ci

Idan bakanike ya leƙa ƙarƙashin motarka ya ɗago yana goge hannu ya ce "oga sil ɗin baya ne, sai an sauke giya", to kar ka yi saurin miƙa masa mukulli, kuma kar ka yi saurin cewa cutarka zai yi. Robar da ake maganar, mai hana man inji yoyo, ba ta da wani tsada, amma inda take zaune ne matsalar, tana tsakanin inji da giyabos, babu ta inda hannu zai kai gare ta sai an raba su. Shi ya sa kuɗin aikin ke ninka kuɗin robar, kuma shi ya sa in aka sauke giya a banza ko aka saka sil mara kyau asarar take da ciwo. Motata Corolla ce 2005 otomatik, injin 1ZZ mai lita 1.8, Beljiyam na saye ta, kuma a Kano aka yi aikin a 2025, don haka kuɗin da zan faɗa na lokacin ne.

Abin ya fara ne da ɗigon baƙin mai a inda nake ajiye mota, ɗan kaɗan, sai tabon ya riƙa faɗi, geji kuma yana sauka kafin lokacin juye ya yi. In na yi tafiya mai ɗan nisa na tsaya sai in ji ƙaurin mai. Na shimfiɗa kwali a ƙasa da daddare, da safe na ga ɗigon ba a tsakiya yake ba, ya fi karkata wajen direba. Ga wanda bai sani ba, injin irin wannan motar a gicciye yake, don haka bayan injin shi ne ɓangaren da giya take, wato wajen tayar direba ta gaba. Kiranshaf ƙarfen nan ne da fistin ke juyawa, ƙarshensa ɗaya na fitowa ta wajen fule da bel, ɗayan kuma ta wajen giya inda ake ɗaure filaiwil, wato babban faifan ƙarfen da ke miƙa juyin inji ga giya. Kowane ƙarshe yana da sil ɗin da ke hana mai bin ƙarfen ya fito. Na wajen fule canza shi ba wani abu ba ne, na wajen giya shi ne jidalin. Sil ɗin zobe ne na ƙarfe da aka lulluɓe da roba, girmansa kamar awarwaro, a cikinsa akwai leɓe da siririn sufurin da ke matse leɓen a jikin kiranshaf. Shekara da shekaru ƙarfe na juyawa a cikinsa ga zafi, dole wata rana robar ta bushe ta yi tauri.

Garejin da na fara tsayawa na kan hanya ne, mutumin ko jak bai saka ba, durƙusawa kawai ya yi ya shafo man da yatsa ya yanke hukunci, har ya faɗi kuɗi. Wani a gefe kuma ya ce in sayi maganin yoyo na gwangwani in zuba a inji ya wuce wurin. Maganin nan abin da yake yi shi ne ya ɗan kumbura roba, in yoyon gumi ne kawai zai iya lafawa na wani lokaci, amma sil ɗin da ya tsage ko ya zaizaye ba ya dawowa. Na yi musu godiya na wuce wajen wani dattijon bakanike da ya fi ƙwarewa a Toyota, wanda wani abokin aikina ya haɗa mu. Shi kuma abin da ya fara ce min shi ne "Malam, ni ba na sauke giya a kan inji mai datti, je ka wanko min shi." Ya ce duk man da ya zubo daga saman inji ƙasa yake gangarowa, iska ta kora shi, ya taru a daidai mahaɗar inji da giya, sai kowa ya ɗora wa sil ɗin baya laifi alhali gaskit ɗin murfin saman inji ne, ko suwic ɗin fitilar mai, ko gam ɗin botom filet, kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, ya saki, ko ma fita ce, matatar mai, ba a ɗaure da kyau ba. A 1ZZ har da robar tenshina ta cen, wato abin da ke matse sarƙar inji, wadda ta yi suna wajen yoyo, ko da yake ita tana ɗaya ɓangaren ne.

Na kai wajen wanki suka wanke sama da ƙasa, naira 3,000, na tsaya a kansu suka rufe altaneta da akwatin fiyus da leda saboda yaran nan in ka ƙyale su ko'ina za su harba ruwa. Na yi ƴan kwanaki ina hawanta a haka sannan na koma. Wannan karon a kan rami ya ɗora ta, ya kira ni na shiga da tocilan. Saman injin a bushe, gefen botom filet a bushe, sai ya cire wani ɗan murfi da ke ƙasan mahaɗar giya ya haska ciki, ga mai nan yana naso daga bayan filaiwil. Ya ɗebo a farar takarda ya nuna min, ruwan ƙasa ne mai duhu. Ya ce da ja ne ko yana da warin man giya to sil ɗin kanbata ne na cikin giyar, wato tulun ƙarfen da ke karɓar juyin inji ya miƙa wa giyar otomatik, tunda duk ta rami ɗaya suke ɗigowa. Daga nan ya yi wani abu da ban zata ba, ya tayar da motar ya sassauta murfin zuba mai ya ɗora tafin hannu yana jin iskar da ke fitowa, sannan ya kashe ya kwance wani ɗan bawul a jikin murfin saman injin, PCV suke ce masa, ya girgiza shi a kunne. Shiru. Ya ce mai lafiya ƙara yake yi kacau-kacau. Aikinsa fitar da iskar da ke tsallake ring ɗin fistin ta taru a cikin inji, in ya toshe iskar sai ta nemi hanya, kuma sil take turawa. Ya ce in aka saka sabon sil aka bar wannan a toshe, ba za a daɗe ba zan dawo ina zaginsa. Ya kuma ce da ring ne suka mutu har murfin yana tsalle, da ba zai karɓi aikin ba sai an yi maganar inji gaba ɗaya. Alhamdulillah nawa bai kai nan ba.

Sai ciniki. Ya ce kuɗin aiki 60,000, na ce "Baba a duba min dai", aka yi ta ja har muka tsaya a 45,000, da sharaɗin ni zan sayo kaya da kaina kuma in wurin ya sake yoyo saboda hannu zai sake saukewa ba tare da na ƙara ko sisi ba. Wannan sharaɗin a gaban abokin nawa muka yi shi. Ya lissafo min abin da zan sayo na rubuta a waya, sil ɗin bayan kiranshaf, sil ɗin kanbata, sil biyu na inda shaf ɗin da ke juya tayoyi ke shiga giya, bawul ɗin PCV, man giya, baƙin mai da fita, gam ɗin noti da ɗan giris. Na tambaye shi me ya kawo sauran sil ɗin tunda ba sa yoyo, ya ce shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu, kuma duk ranar da na kanbata ya saki wannan 45,000 ɗin zan sake biya. Ban ƙara magana ba.

Kasuwar Ƙofar Ruwa na nufa, da yaronsa ɗaya ya raka ni a adaidaita. Kafin mu tafi na ɗauki hoton lambar cesis daga takardun mota, haruffa da lambobi 17 ne, kuma ta yi amfani sosai don Corolla kala-kala ce, ta Amurka daban ta Turai daban, wata 1.4 wata 1.6 wata 1.8, in ka ce "Corolla 2005" kawai za a miƙo maka abin da ke kusa. Mai shagon da muka shiga bai ɓoye min komai ba, ya zube min kala uku a kan kanta. Na 3,500 a leda ba suna, na 8,000 a kwali, sai na Toyota 16,000 a ledarsa da lambar kaya da ta fara da 90311, a jikin robar kuma an buga NOK, kamfanin Japan ɗin da ke yi musu sil da yawa. In ka riƙe su a hannu ka ɗan lanƙwasa leɓen za ka ji bambanci, na arahar robarsa sakwaf take kuma sufurin ɗin na iya fita da ɗan taɓawa. Ni dai na ce araha ba ta ado, na ɗauki na 16,000. Akwai masu ba ka shawarar sil na Beljiyam wai ya fi sabo tunda da injin ya zo, a wasu kayan na yarda da wannan maganar, amma ban da roba, sil ɗin da aka ɓanɓaro daga wani inji ya riga ya gama aiki. Sauran sil uku suka tashi 21,000, PCV 7,000, man giya lita 4 ya ci 36,000, galan ɗin baƙin mai da fita 34,000, gam da giris 4,000. Man giya kuma a duba irin wanda aka rubuta a kan gejin giyar ko littafin motar, ba duk jan mai ne ɗaya ba. Na sa aka rubuta min rasit da sunan kowane kaya, da alkawarin canji in bai shiga ba.

Ranar aikin da sassafe na kai motar don injin ya huce, kuma na guji Juma'a da gangan don rabin wuni ne a gareji. Na samu benci a gindin darbejiya na zauna, niyyata in ga komai da idona. Suka fara da cire batir da mazauninsa da akwatin iska, suka zare wayoyin da ke shiga giya da kebul ɗin canza giya, suka kwance kikistata, da tiyo biyun da ke kai man giya lagireto. Na ga ogan ya sa yaro ya kawo gwangwanaye yana raba notuna kashi-kashi, hankalina ya ɗan kwanta, don na san garejin da ake watsa noti a ƙasa in an gama a samu ragowa a ce ba su da amfani. Aka juye man giya a roba, aka cire tayoyin gaba, aka kwance manyan notin shaf, aka saki bol join aka zare shaf biyun. Ɗaya ya yi gardama sai da aka sha fama. Daga nan suka tokare injin da jak da katako daga ƙasa tunda in aka cire injin sit na wajen giya babu abin da zai riƙe shi. Katakon nan yana da muhimmanci, in aka ɗora jak tsirara a botom filet zai lotsa.

Wurin da ogan ya karɓi sifana da kansa shi ne notin kanbata. Guda 6 ne, ta wannan ɗan ramin na ƙasa ake kwance su ɗaya bayan ɗaya ana juya injin da hannu ta wajen fule. Ya ce dole kanbata ta fito tare da giya, in aka ja giya aka bar ta manne da inji za a iya lalata famfon man giyar. Wajen azahar suka gama kwance notin da suka haɗa giya da inji, mutum uku suka rungume ta suka sauke a kan tsohuwar taya. Aka tafi salla da cin abinci, ni ma na saya wa yaran shinkafa da wake da ruwan leda, wajen 5,000, ba dole ba ne amma wanda ya wuni a ƙarƙashin motarka cikin ranar Kano ya cancanta. Gaskiya ganin motarka a kan katako hanjinta a waje akwai faɗuwar gaba, sai ka riƙa tunanin anya za ta koma daidai kuwa.

Da aka dawo ya yi wa filaiwil alama da fenti kafin ya kwance, ya ajiye faifan ƙarfen da ke gabansa da na bayansa yadda suke don kar a juya su. Sai ga sil ɗin, jage-jage da mai, ƙasansa ya fi jiƙa. Kafin ya taɓa shi ya sa ƙarfe ya ɗan tura kiranshaf ciki da waje, ya ce in yana wasa da yawa to wani abin ne ya cinye a cikin injin kuma sabon sil ba zai yi ƙarko ba. Bai motsa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wajen cire tsohon ne na ga dalilin da ya sa bai bar wa yara ba, ya naɗe bakin sukundireba da tef ya riƙa ɓanɓarowa a hankali ta gefe-gefe, don ƙarfen kiranshaf in ya samu ƙarzuwa ko ɗaya to ta nan mai zai riƙa bi har abada. Tsohon da ya fito ya miƙo min, robar ta ƙandare, na lanƙwasa leɓen ya tsage. Ya goge wurin tas ya ce in sa farce in shafa inda leɓen ke zama. Akwai ɗan layi mai sheƙi amma farce ba ya maƙalewa. Ya ce da ya yi zurfi sai dai a saka wani siririn zoben ƙarfe a kai, ko a ɗan sauya zurfin zaman sil ɗin don leɓen ya hau sabon wuri.

Saka sabon bai ci minti goma ba, abin har da ban haushi in ka tuna wahalar da aka sha kafin a iso. Ya gwada shi da tsohon ya ga girmansu ɗaya, ya shafa giris kaɗan a leɓen, ya juya ɓangaren sufurin ya kalli cikin inji, ya zura a hankali yana lura kar leɓen ya naɗe, sannan ya ɗora wani guntun bututu mai faɗinsa ya riƙa bugawa sannu-sannu yana zagayawa har ya yi daidai da fuskar injin. Bai shafa gam a jikinsa ba duk da wani maƙocin gareji ya ce a lafta. Ya ce min akwai wasu sil na motocin Turai da ba su da sufurin, su a bushe ake saka su ba giris, don haka a karanta takardar da ta zo da kayan. Notin filaiwil ya wanke su da fetur ya ɗiga musu gam a baki, saboda a injina da yawa ramin notin ya ɓulle har ciki, in ba gam mai zai biyo zaren notin ka rantse sil ne. Ya ɗaure su a gicciye da sifanar awo da ya aro, ba da bututu da ƙarfin tuwo ba. Ya canza sil ɗin kanbata da na shaf, sannan ya mayar da kanbata yana juya ta yana turawa har ta faɗa ciki sosai, ya auna da ruwla. Ya ce in ba ta zauna ba aka ja giya da noti da ƙarfi, famfo ya fashe kenan, aikin 45,000 ya koma sayen giya.

Magariba ta yi ba a ɗora ba, ya ce ba ya haɗa giya da fitilar waya, na kwashe abin da ke cikin motar na hau adaidaita gida. Washegari aka ɗora, giyar ta zauna a kan fil ɗinta da hannu kafin a saka noti ko ɗaya, aka mayar da komai, aka saka sabon PCV, aka juye baƙin mai, aka zuba man giya. Ba duka lita 4 ɗin ta sha ba, ragowar na saka a but. Aka tayar aka bar ta ta yi zafi, ya taka birki ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya duba gejin giya injin na aiki. Muka fita gwaji ta Eastern Bypass, da farko ta ɗan yi ƙauri, ya ce tsohon man da ya zuba a salansa ne ke ƙonewa. Muka dawo kan rami, a bushe. Na biya shi cikon kuɗinsa, don rabi na bayar a farko, na karɓi tsofaffin kayan a leda. Sitiyari ya ɗan karkace saboda an taɓa ƙafa, alaimen ya ci 5,000. Gaba ɗaya da kuɗin adaidaita abin ya doshi 180,000, a ciki sil ɗin da ya jawo komai 16,000 ne.

Da wani zai tambaye ni, abin da zan ce ya riƙe shi ne wankin nan na 3,000 kafin komai, da duba launin man, da duba PCV, don waɗannan ukun su ne za su nuna ko giyar ma tana buƙatar sauka. In yoyon gumi ne kawai ba ya ɗiga, geji ba ya sauka, mota otomatik, a ganina ana iya lallaɓawa ana duba mai duk mako har kuɗi su samu, amma ranar da ya fara tara tabo a ƙasa to a daina tafiya mai nisa da ita, inji na iya ƙonewa a hanya kafin ka lura. Kar kuma a cika mai ya wuce alamar sama wai don ana yoyo, ƙara wa sil ɗin wahala yake yi. Na ci gaba da shimfiɗa kwali na wani lokaci, na kuma koma ya sake leƙawa bayan tafiyar Zariya, babu komai.

Masu manuwal kuma lissafinku daban ne. Man da ke fita daga wannan sil ɗin yana iya kaiwa kan kulos filet, mota ta riƙa ihu ba ta gudu ko tana karkarwa wajen tashi, don haka ku ba ku da damar lallaɓawa sosai. In an sauke giya a sa a duba filet da firesha da rilis biyarin a wurin, filet ɗin da ya sha mai wanki ba ya gyara shi, sai dai a je kasuwa da kuɗinsa tun farko.